Bashen da Ta Ɗauko Baba Daga Tibiri

Mijin yayata bai taɓa sayen abu ya bar shi yadda ya same shi ba. In ya sayi riga sai an ƙara mata aiki a wuya, in ya sayi gida sai an ɗaga katangar ta fi ta maƙwabci. Da ya sayi mota kuwa, wata tsohuwar bashe, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake rufawa da tamfal, kwana biyu kawai ya yi da ita ya ce gindinta ya yi ƙasa da yawa, sai an ɗaga.

Shekarun da siyasa ta dawo ke nan, bayan taron ƙasa, lokacin da jam'iyyu suka cika Maradi har mutum bai san adadinsu ba. Ni ina ɗinki a Sabon Gari, kuma ban ƙi zamanin ba, don kowace jam'iyya tana son tuta, keken ɗinkina kuwa ba shi da katin kowa. Shi mijin yayata sana'a biyu ya riƙe. A fili shi jigo ne na jam'iyya a unguwar Zariya, mai babbar riga da gaisuwa da hannu biyu. A ɓoye, in har abin da gari duka ya sani ana kiransa ɓoye, yana shigo da esansi, wato man fetur, daga ƙetaren iyaka. Dalilin ɗaga motar ke nan. In an cika bayanta da jarkoki sai ta zauna daidai kamar ba ta ɗauke da komai, wai don kada 'yan duwan, masu binciken kaya a iyaka, su gane. 'Yan duwan ɗin da suka san motar tun daga ƙarar salansarta.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin bashe ba, abin ba wuya. A kan ƙafafun baya akwai wasu ƙarafa masu faɗi, dogo da gajere, an jera su a kan juna, ana ce musu lam. Su ne ke lanƙwasawa in mota ta faɗa rami, su dawo. Kusa da su akwai amotisar, wani bututu mai mai a ciki, aikinsa ya kwantar da tsallen da lam ɗin ke yi. Waɗanda suka ƙera motar sun auna komai da komai. Mijin yayata ya duba ya ga sun yi rowar ƙarfe.

Yana da bakaniken da ya daɗe yana yi masa aiki, amma wata rana ya je garaji ya tarar da hoton ɗan takarar wata jam'iyya a bango, ya juya bai ko kashe mota ba. Ya koma wurin ɗan jam'iyyarsu, wani da a da faci yake yi a bakin tasha, aka naɗa shi shugaban wani abu a jam'iyya, sai ya wayi gari bakanike. Shi ne ya samo lam na wata matacciyar babbar mota, mai walda ya yanka su da wuta, aka kai maƙera aka bubbuga har suka yi kama da na bashe, aka cusa su tsakanin na asali. Amotisar ɗin da aka sayo kuma, lokacin an karya darajar sefa, kayan Faransa sun fi ƙarfin aljihu, kasuwa ta cika da wasu masu sheƙin fenti a cikin kwalaye masu kyau. Kwali ya ce Faransa, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya san ubansa. Da aka zo ɗaurawa sai aka ga sun yi gajere, tunda an ɗaga motar. Mai walda ya ce wannan ba matsala ba ce, ya liƙa wa kunnen kowanne guntun ƙarfe ya ƙara masa tsawo. Ni da nake ƙara wa wando tsawo da ƙyalle na san inda aka yi ƙari nan ne ke fara yagewa, amma wa zai tambayi tela?

Motar ta fito tana tafiya gindi sama, hanci ƙasa, kamar akuya na shan ruwa. Mijin yayata ya riƙa zagaya ta yana shafawa. Na hau ta cike da kaya sau ɗaya, gaskiya a faɗe ta, lafiya lau take tafiya. Na kuma hau ta wayam, ranar da muka kai tutoci wurin mitin, na sauka ina lalubar haƙorana. Kafin a je ko'ina ta sha karyewa a hanya, yau lam, gobe ƙusa, jibi amotisar ya zubar da mai. Kowace karyewa da wanda ake ɗora wa, kuma ba a taɓa ɗora wa mai motar ba.

Baba, mahaifinmu, manomi ne a Jiratawa. Yana da fegi a cikin gonakin ban-ruwa, kuma ban san shi da wani abin alfahari ba in ban da wannan fegi. Tun asuba yake bin gefen magudanar ruwa, siririyar hanya wadda sai mai ƙafa biyu lafiyayyu, ya buɗe wa shukarsa ruwa, ya tsaya yana kallo kamar bai taɓa gani ba. A shekarar da nake magana ya tafi Tibiri gidan Gwaggo, ƙanwarsa, ya tarar rufin rumbunta ya zame. Maimakon ya sa a kira masu ƙarfi, ya jingina tsani ya hau da kansa. Tsanin ya goce, ya faɗo, cinyarsa ta hagu ta karye.

Ma'aikatan lafiya na yajin aiki a lokacin, albashi ya yi watanni bai zo ba, saboda haka ba wanda ya yi zancen asibiti. An kira wani maɗori na nan Tibiri, dattijo mai ƙarancin magana. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya ɗaure da kara da tsumma, sannan ya ce a gabanmu duka:

"Karaya ta yi kyau, ba ta hwashe ba. In anka bar shi nan inda yake, ba a motsa shi ba, kahin lokacin shukar alkama da ƙahwatai zai taka gona. In anka motsa shi, babu ruwana."

Baba bai ji komai cikin maganar ba sai shukar alkama. Ya kwanta a ɗakin Gwaggo, ɗan ƙaramin ɗaki na ƙasa mai sanyi, yana bin umarni kamar sabon ɗalibi. Ko juyi ba ya yi sai an riƙe masa ƙafar. Ina rufe shago in je in yini, in tarar da shi yana tambayar ko an gyara famfon da ke ba layinsu ruwa.

Ana haka labari ya kai wa manyan jam'iyya cewa surukin jigonsu na Zariya ya karye, suka ce za su zo dubiya. Nan hankalin mijin yayata ya tashi. Manyan mutane da manyan motoci su shiga lungun Gwaggo, su sunkuya su shiga ɗakin ƙasa, su ga inda ya bar surukinsa? Alhali ga gidansa a Zariya da falo da fanka da kujeru masu rigar leda? Ya ce sam, Baba gidansa zai yi jinya.

Ya zo Tibiri da hantsi. Ladabi kam, ba a fin sa. Tun daga ƙofar gida ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ɗaki daga waje, kansa a ƙasa, bai ko ɗaga labule ba. Yayata ita ce 'yar fari, Baba ko sunanta ba ya kamawa, to balle mijinta. Tunda aka yi auren ba su taɓa haɗa ido ba, Baba bai taɓa cin ko goro a gabansa ba. Daga bayan labule ya yi jawabinsa, cewa ya gyara ɗaki, ya sa katifa sabuwa, ba zai iya barci ba alhali Baba na kwance a gidan wani.

Gwaggo ta ce, "Gidan wani? Gidan ƙanwatai ne hwa. Kuma mai ɗori ya ce kada a motsa shi."

"Gwaggo, ai ba da ƙahwa zai tahi ba," in ji shi. "Mota ce. Ni da kaina zan ja."

Duk muka juya ga Baba. Kalma ɗaya ta isa. Amma yaya mutum zai ce wa surukinsa, wanda ya durƙusa a ƙofa, ba ya son alherinsa? Baba ya juya fuska ga bango, sannan ya ce a hankali, "To. Allah shi yi albarka."

Na fita na duba motar. An wanke ta da sabulu har ƙarƙashi, an yayyafa turare don a kashe warin esansi. An kwashe jarkoki, an cire benci, har tayar safaya an ajiye a gida, duk don girmama Baba. Ba komai a bayan sai katifa da darduma. Gindin nan ya ɗaga sama fiye da kullum.

Na ce, "Yaya, motar ga ba ta son tahiya wayam, kai ma ka sani. Ga buhunan hatsi nan na Gwaggo, mu jera su gehe su danne ta."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Baba za a haɗa da buhu? Kaya ne shi? Kai dai ka san allura, bar ma masu mota mota."

Muka ɗauko Baba a kan ƙyauren ɗaki, mu huɗu, muna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwarya cike da nono. Aka shimfiɗa shi, na zauna kusa da kansa. Yayata ta shiga gaba, mijinta ya kunna kaset ɗin mawaƙin jam'iyya, lasifikar da ke kan rufin mota ta ɗauka, wai don Tibiri ta san wa ya zo.

Da kwalta muka bi, da ƙila an tsira. Amma a 'yan kwanakin jam'iyyarsu ta ɓata da abokan ƙawancenta na gwamnati, jandarmomin da ke sara masa a shinge suka koma tambayarsa takardun mota. Bai so a tsayar da shi a gaban surukinsa. Muna fita gari sai ya karkata ya kama hanyar jar ƙasa, wadda yake bi da jarkokinsa, wadda ta yi tudu-tudu kamar kwanon rufi. Direbobi suna da wata hikima a kan irin wannan hanya, wai gudu ne maganinta, in ka taka sosai mota sai ta riƙa shawagi a kan tudun. Haka ne, in motar na da amotisar na gaskiya da nauyi a baya. Tamu ba ta da ko ɗaya, ya kuwa taka.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Katifar ta riƙa tashi tana faɗuwa, Baba na tashi tare da ita. Na kwanta a kan ƙirjinsa, na kai hannu ɗaya na danne gwiwar, amma ni ma sama nake yi. Na ga ya cusa bakin rawaninsa a baki ya ciza, gumi na zuba, idanunsa sun yi ja. Ihu ɗaya zai yi a ji a gaba, gilashi ne kawai tsakaninmu. Bai yi ba. Surukinsa na nan, ba zai ji kukansa ba.

Na saki gwiwar na riƙa dukan rufin mota da hannu ina kiran a tsaya. Mawaƙi na ta zuba kirari a lasifika. Mijin yayata, saboda kunya, tun daga Tibiri ya karkatar da madubi don kada idonsa ya faɗa kan Baba a kwance. Ya ji dukan rufin, ya ɗauka cewa nake a yi sauri, ya fiddo hannu ta taga ya yi mini alamar in kwantar da hankali, ya ƙara wuta.

A wani ɗan kwari, ana hango Maradi, aka ji ƙara kamar an harba bindiga. Gefen hagu na baya ya zube ƙasa, motar ta ja gefe ta yi cikin wata gona, katifa ta zame da mu duka, ƙafar Baba ta bugi ƙarfen gefe. Na ji karan ɗorin sun kakkarye, na kuma ji wata ƙara a ƙarƙashinsu wadda ba ta kara ba ce. Rawanin ya faɗo daga bakinsa, ya suma.

Abin da ba zan yafe ba shi ne wannan. Mijin yayata ya fito, ya tattare babbar riga, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin mota. Can ya fara zuwa. Yayata na kururuwa tana yayyafa wa Baba ruwa, shi kuwa muryarsa na fitowa daga ƙasa, "Kunnen ya cire! Lam ma ya tahi! Wallahi hannu anka sa ma motar ga!" Sai da Baba ya farfaɗo sannan surukin ya zo ya durƙusa a gefe, fuska a kauce yadda ladabi ya ce, ya ce, "Sannu, Baba." Baba ya ce, "Yauwa. Ku dai ba ku ji ciwo ba?"

Amalanken shanu ne ya ƙarasa da mu, na wani mai ɗaukar yashi. Da muka shiga Zariya mijin yayata ya sa aka zagaya ta ƙofar baya, kada maƙwabta su gani.

Maɗorin da farko ya ƙi zuwa, sai da Gwaggo ta je da kanta ta yi masa kuka. Ya kwance tsumman, ya daɗe yana lalube, Baba na kallon rufi. Ya ce ƙashin da ya fara kamawa ya sake rabuwa, bakinsa ya farfashe, wani ya hau kan wani. Ya ja iya jansa ya ɗaure. Da Baba ya tambaye shi zancen gona, sai ya ce, "Sai abin da Allah ya yi," ya ɗauki jakarsa.

Manyan sun zo dubiya, kamar yadda aka so. An jera motoci a ƙofar gida, an sha lemo, an yaba falo. Kowa ya leƙa ɗaki ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya dawo falo a buɗe babbar shari'a, wato me ya karya motar. Makonni aka yi ana wannan zama, ƙofar ɗakin Baba a buɗe, yana jin komai.

Bakaniken jam'iyya ya ce aikinsa ba ya karyewa, mai walda ne bai cika wuta ba. Mai walda ya ce waldarsa na nan daram, ƙarfen da ke gefenta ne ya yage, a je a tambayi mai sayar da kaya. Mai sayar da kaya ya zo da kwalin, yana nuna rubutun Faransanci da yatsa, ya ce in akwai laifi na waɗanda suka karya sefa ne. Wani ya ce maƙerin ne ya ƙona lam ɗin har suka rasa daɗinsu, maƙeri ya aiko cewa shi abin da aka ce ya yi ya yi. Wani malami da ke cin tuwon gidan ya ce baki ne, motar ta yi fice da yawa, ya kawo laya a rataya a sitiyari. Matasan jam'iyya suka rantse tsohon bakaniken ne ya turo a yanka lam ɗin da zarto, har suka je suka farfasa masa gilashin wata mota da ba tasa ba. Shi mai gidan ya saurari kowa yana gyaɗa kai, daga ƙarshe ya tsaya a kan gwamnati, wadda ta bar hanyoyi suka lalace, ya ma faɗi haka a wani mitin, aka tafa masa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Ni in an tambaye ni, duk sun yi gaskiya, ban da masu zancen zarto da laya. Ƙarfen babbar mota ba ya lanƙwasawa don nauyin tsoho ɗaya da tela. Wanda aka gasa a wuta aka bubbuga ya riga ya mutu. Amotisar na jabu ne, kuma an ja shi fiye da tsawonsa. Gyaran gangar Auzinawa aka yi wa motar tun ranar farko. Amma a duk zaman nan, cikin masu manyan riguna da masu baƙin mai a hannu, ban ji wanda ya ce an ce kada a motsa mutum, aka motsa shi ba. Ranar da na faɗa, wani Alhaji ya ce yaran yanzu ba su da ta ido, aka koma zancen lam. Yayata ta ja ni gefe tana hawaye ta ce in rufa mata asiri, gidan aurenta ne.

Motar ta riga Baba tashi. An sake mata lam, an ƙara ɗaya a kan na da don kada a kuma, ta koma hanyar iyaka gindi a sama.

Baba ya tashi bayan an girbe alkama. Ƙafar ta warke gajera, tafin ya juya waje, sai da sanda. Da aka mai da shi Jiratawa, washegari ya ce a raka shi gona. Ya kai bakin magudana, ya ɗora sanda a kan siririyar hanyar, ya ɗaga ƙafar, ya mayar. Ya sake gwadawa, na riƙe shi ta baya, muka kusa faɗawa ruwa tare. Daga nan ana hango feginsa, wani maƙwabci ya shuka masa albasa. Ya tsaya ya kalla, ya ce mu koma, rana ta yi. Kafin damina ya bar wa maƙwabcin fegin. Ko sau ɗaya ban ji ya ambaci motar ba, in surukinsa ya zo gaisuwa kuma albarka yake sa masa.

Ana saura 'yan kwanaki Salla ya sa aka kawo shi shagona a bayan babur. Ya jira masu karɓar ɗinki suka watse, sannan ya ciro wandunansa guda biyu daga cikin buhu ya ajiye a kan keke. Bakin ƙafar hagu na kowanne ya yi baƙi, ya zare, saboda jan ƙasa.

Ya ce, "Rage mani wannan gehen. Ina taka shi, yana son kada ni."

Na ce ya tsaya in auna. Ya dafa kafaɗata, na durƙusa da tef a gabansa, na kasa ganin lamba. Sai na auna da hannu, yatsa huɗu ne har da ɗoriya.

"Ka yi shi yadda ba a ganewa," in ji shi. "Kuma kada yayarka ta ji, sai ta sa ma ranta."

Na ɗauki almakashi na yanke.